Harsashi a Kafaɗar Mai Burodi

Jaka ɗaya. Riguna biyu, wando ɗaya, silifas na wanka. Takardar likitan unguwa. Hoton ƙirji na shekara goma sha ɗaya da suka wuce, cikin ambulan da bakinsa ya cinye. Maganin hawan jini, maganin suga. Burodi huɗu. Gorar ruwa mai ƙanƙara. Jiƙaƙƙen tawul a leda. Harsashi ɗaya.

Jakar tana ƙarƙashin kujera, burodin yana kan cinyar matarsa. Harsashin kuwa yana inda ya saba zama, can ciki, ƙarƙashin allon kafaɗar Mai Burodi ta hagu. Saboda shi aka ɗauko sauran kayan. Babban asibiti za su, a cire shi.

Sun yi awa uku a mota, sun ci rabin hanya. Tun a tasha direba ya yi masa tayin kujerar gaba don girmamawa, ya ƙi, domin a kan inji take. Ya zaɓi ta can baya, gefen inuwa. Yanzu hanya ta karkata, rana ta zagayo ta same shi ta taga. Ya kwance ledar, ya ɗora tawul ɗin a kafaɗa, ya tsiyaya masa ruwan sanyi.

Wanda ke zaune gabansu, wani mai gyaran rediyo rungume da kwalin kayan aiki, ya waiwayo.

“Malam, zazzaɓi ne?”

“Harsashi ne,” in ji matar.

“Ke!”

“To ƙarya na yi? Tambaya aka yi.”

Kafin a yi kilomita ɗaya, motar duka ta zama ɗakin likitoci. Mai gyaran rediyo ya ce ai wannan ba abin zuwa asibiti ba ne: a samo mayen ƙarfe na babbar sifika, a ɗaure a wurin kwana bakwai, da kansa zai biyo hanya ya fito. Wata tsohuwa ta ce a'a, harsashi tafiya yake yi a jiki, kowace shekara tsawon ƙwayar shinkafa, kuma zuciya yake nema. Ta tambayi shekara nawa, aka faɗa mata, ta auna a ɗan yatsanta, ta girgiza kai. Direba ya ɗago kai ya dube shi ta madubi.

“Ni dai in hadari ya taso, Alhaji, sai dai ka yi haƙuri ka sauka. Tsawa ba ta ganin ƙarfe ta wuce.”

“Motar taka da kara aka yi ta?” in ji matar.

Aka yi dariya. Mai Burodi bai yi ba. Duk waɗannan ya ji su tun tuni, ba su taɓa hana shi barci ba. Abin da ya sani shi ya fi nasu.

Abin ya faru ne da la'asar, ranar da ƙungiyar ƙwallon garin ta ci kofi. Titi ya cika da ihu da hon, wani da ba a taɓa sanin ko wane ne ba ya ɗaga bindiga sama ya yi ta harbi. Mutane da yawa sun ɗauka abin da aka harba sama ya tafi ke nan. Mai Burodi yana tsakar gidan burodinsa, ya sunkuya zai ɗauki itace, sai ya ji kamar an maka masa guduma a baya. A asibiti aka wanke ramin, aka ɗauki hoto, aka ce ya yi zurfi, a bar shi, nama zai rufe. Nama kuwa ya rufe. Da wata ɗaya zai yi ya koma bakin tandarsa, ba don Sajan ya zo gaisuwa ba.

Sajan maƙwabcinsu ne. Yana da tsohon kaki da takalmi mai nauyi, yana gadin wani sito, ba wanda ya taɓa tambayarsa a wace runduna ya samu igiyoyinsa. Ya zauna a bakin gado, ya karɓi hoton ya ɗaga shi saitin taga kamar mai duba jabun kuɗi, ya girgiza kai.

“Likitoci ba su san bindiga ba,” ya ce. “Harsashin da aka harba sama bai ci abin da aka aike shi ba. Albarushinsa rabi ya ƙone, rabi na nan a cikinsa. Barci yake yi. Zafi kawai yake jira.” Ya ba da labarin wani abokin aikinsu da ya zauna jin ɗumi da irin wannan a cinya. Bai ƙarasa labarin da baki ba. Hannuwa ya buɗe.

Sajan ya rasu shekara biyar da suka wuce. Maganarsa ba ta bi shi ba.

Tun daga ranar Mai Burodi bai ƙara tsayawa gaban wuta ba. Tandar da ya gina da hannunsa, bulo bayan bulo, wadda ya san lungunta mai zafi da lungunta mai sanyi kamar yadda ya san haƙoransa, ya bar ta. Ya koma gaba, kan tebur, yana miƙa burodi a leda. Taku ashirin da biyu ne daga tebur zuwa tanda, ya ƙirga. Wanka da ruwan sanyi ko da ana kaɗa haƙori. Shayi sai ya huce. Ranar da zazzaɓi ya kama shi kuwa, matarsa takan kai yara gidan maƙwabta, ta dawo ita kaɗai ta zauna da bokiti da tsumma, tana jiƙa masa baya, tana kawar da fuska. Sau ɗaya ya tambayi likitan unguwa ko abin zai iya tashi. Likitan ya yi dariya har da buga tebur. Dariya kuwa ba amsa ba ce. Bai sake tambayar kowa ba.

Wanda ya riƙe tandar shi ne Auta, ƙaninsa. Lokacin yana shekarar ƙarshe ta koyon gyaran injin jirgin ruwa, a wani gari mai nisa. Aka kira shi ya zo ya riƙe na wata uku. Ya zo da jaka ɗaya da littattafansa. Yanzu littattafan suna saman kabad, gashin hannunsa ya ƙone bai sake fitowa ba, furfura ta fara masa a gefen kunne. An gwada ɗaukar masu gashi har huɗu, duk tandar ta ƙi su: ko ƙasa ya ƙone, ko ciki ya fito ɗanye. Mutum biyu kawai ta yarda da su.

Makon jiya wani tsohon malamin Auta ya kira shi. Ya buɗe wurin gyara a tashar jiragen ruwa, yana neman mutum, zai jira shi zuwa ƙarshen wata, ba zai wuce haka ba. Auta ya faɗi maganar yana kwaɓa fulawa, bai ɗago kai ba.

“Na ce masa da wuya, Yaya. Na faɗa maka ne kawai don kada ka ji a bakin wani.”

Shekarunsa talatin da takwas. Mai Burodi ya san ba za a sake kiransa ba. Washegari ya je ya zauna a ofishin likitan unguwa, ya ƙi tashi sai da aka rubuta masa takardar zuwa babban asibiti.

Sun isa da azahar. Layin kati, layin awon jini, layin hoto. A ɗakin hoto ya tambayi mai na'urar ko tana zafi, aka ce masa a'a, ya tsaya ya rungumi allon ƙarfe mai sanyi, ya riƙe numfashi. Suka ci burodi ɗaya a kan benci suna jira. Sai wajen ƙarfe huɗu aka kira su.

Likitan fiɗa matashi ne, idonsa ja don gajiya. Ya liƙa hotuna biyu a jikin fitila, tsohon da sabon. A kowanne ga abin nan fari tas tsakanin inuwar haƙarƙari, ɗan tsito, kansa ya ɗan karkace. A gefen ɗakin wata babbar nas, mai furfura a ƙarƙashin hula, tana jera fayil. An ji ana kiranta Matiron.

“Baba, ka gani? Shekara goma sha ɗaya, ko gezau bai yi ba. Jiki ya yi masa ɗaki ya rufe. Yana maka ciwo?”

“A'a.”

“Hannun yana mutuwa? Tari? Numfashi?”

“Babu.”

“To ga abin da zan faɗa maka.” Ya ɗora bakin biro kusa da farin ɗigon. “Nan babbar jijiyar jini ce ta wuce. Tsakaninsu bai kai faɗin farce ba. In zan kai gare shi sai na buɗe ƙirji. Kana da suga, kana da hawan jini, ka haura sittin. Zan iya shiga. Amma ba zan yi wa Mama alkawarin zan dawo mata da kai ba.”

Matar ta sauke ido kan ledar burodi.

“A cire,” in ji Mai Burodi.

“Don me?”

Mai Burodi ya dubi hoton. Ya tuna tebur ɗin da likitan unguwa ya buga.

“Tsoro yake kada ya tashi,” in ji matar. “Mai gashin burodi ne. An ce in ya ji wuta zai fashe. Ni ma dai, Likita, gaskiya shekara goma sha ɗaya nake kwana da bam.”

Likitan bai yi dariya ba, wannan kam a yaba masa. Ya murje ido ya ce, “Ba ya fashewa, Baba. Ƙarfe ne kawai. Babu komai a cikinsa.”

“Likita, ka taɓa harba bindiga?”

“Ban taɓa ba.”

“Wanda ya faɗa min ya harba.”

A waje mutum ashirin suna jira. Likitan ya dube shi, ya dubi agogo, ya jawo wata takarda. “Wannan ta amincewa ce. Ban ba ka shawarar ka sa hannu ba. Ka je ka kwana da ita. In da safe kana nan a kan bakanka, sai mu zauna da sauran likitoci.”

A baranda matar ta riƙe masa hannun riga. “Malam, ka ji abin da ya ce. Mu koma haka. Auta ya ce ya haƙura.”

“Ya haƙura sau ɗaya. Ba zan karɓi na biyu ba.”

“To ni fa? Ni nawa na yi?”

Mai Burodi ya buɗe takardar. Yana neman biro a aljihu sai ya ji an ce, “Kai, mai burodi.” Matiron ce, tsaye a ƙofar wani ɗan ɗaki, hannu a ƙugu. “Zo nan. Ke ma zo. Kafin ka sa hannu a kan ranka, ba ni minti goma.”

Ɗakin shan shayin ma'aikata ne. Firij mai ƙara, kofuna a kife a kan tire, ƙaramin murhun gas, kujeru uku babu wadda ta yi kama da wata. Mai Burodi ya ga murhun ya zaɓi kujerar da ta fi nisa. Matiron tana tafiya tana ɗan jan ƙafar dama. Ta buɗe jakarta, ta zuge wani ƙaramin zif, ta fito da abu a ƙulle cikin auduga, ta juye masa a tafin hannu.

Bai kai gaɓar ƙaramin yatsa ba. Launin tsohon kwabo, kansa a dauje, gindinsa toka-toka. Ya fi yadda ido ya ba shi nauyi.

“Ka taɓa ganin irinsa?”

“A hoto kawai.”

“Shekara goma sha ɗaya kuna gida ɗaya ba ku gaisa ba. Wannan daga ƙaurina aka ciro shi. Ina aiki a wani asibiti lokacin da aka yi rikici, ya shigo ta taga. Nawa a kan ƙashi ya zauna, dole aka cire. Naka ya samu wuri ya yi ladabi.” Ta karɓi sabon hoton daga hannun matar, ta ɗaga shi, ta kara nata a gefe. “Dubi siffar. Wa da ƙani ne.”

Mai Burodi ya duba. Haka ne.

“Yanzu ka saurara, don ba na maimaita magana. Abin da ake sa wa bindiga kashi biyu ne. Akwai kwanso, a cikinsa albarushi yake. Akwai wannan, a toshe a bakin kwanson. In aka harba, albarushin ya ƙone a cikin bindiga, ya tunkuɗo wannan waje, kwanson ya faɗi a gaban mai harbi. Abin da ya taso ya same ka dalma ce sanye da rigar jan ƙarfe. Shi ke nan. In ka sayar wa mutum burodi, wutar tandarka tana bin sa gida?”

“Ba ta bi.”

“To.”

“Amma wanda aka harba sama...”

“Sama ko ƙasa ko gefe, harsashi bai san inda aka aike shi ba. Ba ɗan aike ba ne.” Ta dube shi, ta ga maganar ta shiga kunne ba ta wuce nan ba. Ta yi tsaki. “Ku maza sai kun gani.”

Ta tura taga ta buɗe. Ta ɗauko murfin gwangwanin madara, ta ɗora a kan murhu, ta ɗauke abin daga tafinsa ta ajiye a tsakiya, ta ƙyasta ashana.

Bai san lokacin da ya kai bakin ƙofa ba. Kafaɗarsa ta hagu ya fara fitarwa waje. Matarsa ta maƙale a bayan firij tana salati, kanta kawai ke leƙowa.

“Sista, don girman Allah!”

“In zai tashi ni zai fara samu,” in ji Matiron. Ta jawo kujera ta zauna gefen taga, taku ɗaya daga wutar, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. “Ke fito daga nan, firij ɗin ma ba lafiya gare shi ba.”

Wuta shuɗiya ta lashi murfin. Fentinsa ya yi baƙi, ya yi hayaƙi, ya ƙone. Mai Burodi ya san wuta. Daga launin ƙarfen ya san an wuce zafin gasa burodi, an wuce zafin da ke ƙona shi ƙurmus. Ya ƙirga numfashinsa. Rigar jan ƙarfen ta yi duhu. Minti uku, minti huɗu. Sai wani ɗigo mai sheƙi ya tsatso daga gindin abin, ya kumbura, ya gangaro kan murfin kamar kitse. Wani ɗigon ya biyo shi. Ba ƙara, ba tartsatsi. Harsashin ya kwanta a gefensa, fanko, cikin ɗan tafkin dalmarsa.

Matiron ta kashe gas.

“Ka ga iyakar abin da wuta za ta yi masa. Wannan ma sai da na ɗora shi a kanta tsirara. Naka yana cikin nama da jini. Kafin zafin tanda ya kai inda yake, kai ka riga ka nuna, sai dai a yanka ka a shafa bota.”

Matar ce ta fara dariya. Ta fito daga bayan firij tana yi, ta dafa bango, ta zauna a ƙasa, tana nuna mijin da yatsa ta kasa magana. “Ruwan sanyi,” ta ce da ƙyar. “Yara a gidan mutane. Ni da bokiti!” Ta yi har hawaye suka zo. Daga nan dariyar ta ɗauke, ta goge fuska da gefen mayafi, ta ce, “Auta.”

Mai Burodi ya dawo ciki ya zauna. Ba murna ya fara ji ba. Lissafi ya zo masa, na shekaru, kuma ba wanda zai kai wa ƙara. Sajan yana ƙasa, kuma Sajan bai yi don mugunta ba. Ya faɗi abin da shi ma aka faɗa masa. Wanda ya yi harbin wataƙila yana can yana aurar da 'ya'ya, bai san ya taɓa kowa ba. Mai Burodi ya miƙa hannu saitin murfin, ya ji hucinsa a tafi, ya bar hannun a wurin.

“Kada ka taɓa,” in ji Matiron. “Kuma kada ka je ka ce wata nas ta ce harsashi ba ya jin wuta. Wanda ba a harba ba, mai kwansonsa, wannan a raye yake, ko ya shekara hamsin, ko an ce maka ya kwana a ruwa. In ka tsinci irinsa kada ka kai shi ko kusa da murhu, ka kira hukuma. Kai kuma duk shekara ka zo a auna jininka saboda dalmar. In wurin ya fara ciwo ko numfashi ya canja, ka zo ba sai shekara ta cika ba. Ka ji?”

“Na ji.” Ya dubi abin da ya rage a kan murfin. “Na sa kin lalata naki.”

“Shekara ashirin da shida ina yawo da shi a jaka. Ban san me nake jira ya yi min ba. Yau dai ya yi aiki.”

Ya nemi abin faɗa. Duk kalmomin da ya sani na godiya ya saba faɗa wa mai sayen burodi biyu, sun yi masa ƙanƙanta. Ya karɓi ledar daga hannun matarsa, ya ajiye burodi ukun da suka rage a kan tebur.

“Ba a ba mu cin hanci a nan.”

“Ba hanci ba ne. Na jiya ne ma.”

Ta ɗauki ɗaya, ta matsa shi da babban yatsa, ta ga ya taso ya koma yadda yake. Ta gutsira. “Wa ya gasa?”

“Ƙanina.”

“Hannunsa na da kyau.”

“Ba aikinsa ba ne.”

Ta dube shi tana tauna, ba ta tambaya ba. “To ku tashi, minti gomanku ya cika. Kawo takardar nan, ni zan mayar wa likitan. Yaron kirki ne, bai dai iya magana da tsofaffi ba tukuna.”

“Allah ya saka miki, Sista,” in ji matar, ta kama hannunta da hannu biyu. “Allah ya raba ki da abin da kike tsoro.”

“Amin. Ki daina jiƙa masa baya, sanyi zai kama shi.”

Suka kwana a masaukin da ke bayan asibiti, suka bi motar safe. La'asar ta yi suka sauka a bakin layinsu. Tun daga kan kwana ya ji ƙamshin itace. An hura wutar gashin yamma. Matar ta karɓi jakar ta wuce gida.

Ya shiga shagon. Ya wuce tebur. Ya ɗaga labulen buhu da ya raba gaba da baya.

Kai ya yarda, jiki bai samu labari ba. A taku na goma ya rage sauri. A na goma sha biyar zafi ya bugi fuskarsa, wurin tabon ya hau ƙaiƙayi, kafaɗar ta nemi juyawa baya da kanta. Ya tsaya, ya tuna ɗigon nan yana gangarowa a kan murfin gwangwani, ya ci gaba.

Auta yana gaban tanda, ba riga, tsumma a wuya, ya kwashe garwashi gefe yana goge ƙasan tandar. Kwanonin kwaɓi sun tashi, an jera su a kan katako. Ya juyo ya ga wanda ke tsaye, sandar ta kusa faɗuwa daga hannunsa.

“Yaya! Koma! Me kake yi a nan? An cire ne?”

“Ba a cire ba.”

“To fita mana! Yaya, don Allah!” Ya shiga tsakaninsa da wutar, ya buɗe hannuwa, kamar jikinsa zai tare zafin.

“Matsa. Babu komai a cikinsa. Na gani da idona, an dafa ɗan'uwansa a gabana.”

“An dafa wa?”

“Zan ba ka labari. Kwaɓin nan ya wuce lokaci, dubi yadda ya fara faɗawa. Ba ni sandar.”

Auta bai ba shi ba, bai kuma hana shi ba. Mai Burodi ya zare ta daga hannunsa. Ta yi masa nauyi fiye da da. Ya zura hannu a bakin tandar ya ƙirga, kamar yadda ya saba gwada zafi. Ya kai shida ya janye. Daidai. Ya ɗora kwano huɗu a kan allon sandar, ya tura su can lungun dama, ya fizgo. Na biyu suka tafi hagu. A na uku hannu ya kuskure, wuyan hannunsa ya taɓa ƙarfen bakin ƙofa, fata ta yi ƙauri. Ya ja iska ta haƙori, bai saki sandar ba.

Auta ya daskare yana kallon kafaɗar. Ba abin da ya faru. Gumi ne kawai ya jiƙa rigar.

“Ka canja min bulon ƙasa,” in ji Mai Burodi.

“Ya tsage. Shekara shida ke nan.”

“Ka yi daidai. Ya fi nawa kwanciya.” Ya tura wasu huɗu. “Wata uku na ce maka.”

“Haka ka ce.”

“Ba ka taɓa tuna min ba.”

“To wa zan bar wa? Yara suna ƙanana.” Auta ya goge fuska da tsumma, ya daɗe yana gogewa. “Yaya, lungun hagu ya fi ci yanzu. Sai ka riƙa juya su da wuri.”

“Na ji. Na gode, Auta. Ban san yadda ake faɗarsa ya kai ba. Na gode.”

“Hannunka ya tashi. Bari in kawo ruwa.”

“Bar shi. Miƙo sauran.”

Ya miƙo. Suka cika tandar tare, ɗaya na miƙawa ɗaya na turawa, har kwano na ƙarshe ya shiga. Mai Burodi ya jingine sandar, ya naɗe tsumma a hannu, ya tura ƙofar ƙarfen ta rufe, ya sa sakata.

“Je ka kira malaminka,” ya ce. “Ranar Asabar za ka tafi. Ni zan yi gashi.”